Shirun Da Yaguasa Ta Yi Wa Nicanor

A shagona na aski akwai hotuna biyu a bango, sama da madubi. Na farkon daga jarida aka yanko shi, har ya yi ja don tsufa. Ni ne a ciki, ina sama, baki a buɗe, hula ta tashi, wani ƙato ya rungume ni ya ɗaga. Fuskata ta fito sarai, kuma ba yabon kai ba, fuska ce mai kyau a wancan lokacin. Shi kuwa ƙaton, bayansa kawai aka ɗauko, da igiyoyin sulkensa da lamba goma sha biyu. Duk baƙon da ya zauna a kujerata sai ya tambaye ni labarin wasan, ni kuma in ba shi har da gyara. Ba a taɓa samun wanda ya nuna bayan nan ya ce wannan kuma wane ne ba. To, Nicanor Wattley ke nan. Labarinsa zan bayar yau, ko da yake zan riƙa leƙowa nan da can, don ban iya ɓoye kaina ba.

Layi ɗaya aka haife mu a Yaguasa, garin da rake ya kewaye ta ko'ina. Babansa saran rake yake yi, nawa kuma yana kora amalanken shanun da ke kai raken ma'auni. A wurinmu in an ce ƙwallo, besbol ake nufi, sauran wasanni sai an kira sunansu. Da murfin galan da sandar tsintsiya muka fara, safar hannunmu kuma kwalin madara ne da aka lanƙwasa. Kowane yaro so yake ya yi jifa ko ya yi bugu. Ba mai son cafka, don shi mai cafka tsugunawa yake yi a bayan mai bugu, ƙwallo ya same shi a yatsa, sanda ta same shi a ka, in an ci wasa kuma wani ake yi wa tafi. Da yake Nicanor yana da jiki kuma ba ya musu, sai muka ce shi ne. Ya tsuguna yana ɗan shekara bakwai, bai miƙe ba sai da ya kai talatin da biyar. Har yau tsofaffin garin Mai-tsuguno suke ce masa. Ni kuma Wenceslao aka raɗa mini a coci, amma da yake da hagu nake jifa, ko mahaifiyata Bahago take kirana.

Muna da shekara sha bakwai wani Ba'amurke mai neman 'yan wasa ya zo garin da motar jif. Ni ya zo gani, kuma na sha tuna wa Nicanor haka. Amma mai jifa ba ya jifa a iska, dole a samu mai cafewa, sai na je na taso shi daga gona da adda a hannu. Na yi jifa ashirin. Can mutumin ya tashi ya zagaya bayan Nicanor, ya daɗe yana kallon yadda yake karɓar ƙwallon da ya kauce ya dawo da shi tsakiya a hankali, kamar dama can nan ya nufa. Da yamma mu biyu ya ɗauka.

Amurka ba ta yi mana shimfiɗa ba. Ƙananan ƙungiyoyi ne a ƙananan garuruwa, tafiyar awa goma a bas, ga sanyin da ke shiga har cikin haƙori. Ni ina ta mita, shi yana ta aiki. Ya san kowane mai jifa a ƙungiyar: wanda sai an zage shi yake abin kirki, da wanda in an ɗaga masa murya hannunsa ke mutuwa. Da yatsu yake magana, a tsakanin gwiwoyinsa, ɗaya a jefo mai gudu, biyu a jefo mai lanƙwasa. In kuwa ya zama dole ya buɗe baki, sai ya tako zuwa tudun mai jifa, ya rufe bakin da safar hannu don kada abokan hamayya su karanta leɓensa. Abin ya bi jikinsa. Ranar da ya je neman auren Migdalia, hularsa ya cire ya rufe baki da ita. Ta ce sai da ya maimaita sau uku, ita kuma ta amsa ne don kada ya shaƙe.

Duk ƙarshen shekara mukan dawo gida mu buga gasar ƙasarmu, kuma a nan ne aka ɗauki hoton nan. Ranar Lahadi ce da rana, a San Pedro, fili ya cika har kan katanga. Zagaye tara ake yi. Na yi na ɗaya, na biyu, har na biyar, ba wanda ya buga mini ƙwallo ya tsira. Da na dawo benci bayan na shida, sai na tarar kowa ya matsa can gefe an bar ni ni kaɗai. Ba mai kallona, ba mai ce mini sannu. Haka ake yi, kowa ya sani. In mai jifa ya kama hanyar gama wasa ba tare da an buga masa ko ɗaya ba, ba a faɗa, ba a zama kusa da shi, ba a kuma canja komai. Wanda ya harɗe ƙafa haka zai zauna har a tashi, mai jin fitsari ya riƙe abinsa. Wanda ya kuskura ya ambata da baki, in abin ya lalace shi ya lalata, kuma har jikokinsa sai sun ji labari. Nicanor da muka tashi tare ya wuce ta gabana kamar bai taɓa ganina ba.

A zagaye na takwas, bayan na fitar da mutum ɗaya, jifana ya rikice. Na yi jifa huɗu a jere duk suka kauce, na sake yin huɗu, mutum biyu suka wuce a ɓagas, ko da yake tunda ba bugawa suka yi ba, abin bai lalace ba tukuna. Sai na ga Nicanor ya ɗaga ƙarfen fuskarsa, ya tako a hankali da tafiyar nan tasa ta agwagwa, ya tsaya a gabana ya rufe baki. Mutum dubu goma sun yi tsit suna jiran hikimar da zai ba ni.

Ya ce, "Bahago, wai sankocho da masara ya fi daɗi ko babu masara?"

Na ce, "Ka haukace ne?"

"Tambaya na yi. Mamarka ba ta sawa, tawa tana sawa. Tun jiya abin ke damuna."

"Yanzu a nan za ka kawo mini zancen farfesu?"

Ya ce, "Ni dai da masara." Ya juya ya koma ya tsuguna.

Dariya ta kuɓuce mini, na rufe fuska ina yi, kafin in gama kafaɗata ta saki. Mutum biyar da suka rage na sallame su ɗaya bayan ɗaya. Da aka fitar da na ƙarshe, Nicanor ya watsar da ƙarfen fuska ya sheƙo ya sunkuce ni sama, don aikin mai cafka ne ya ɗaga mai jifa. Washegari jarida ta rubuta sunana da manyan baƙaƙe. Nasa yana can ƙasa cikin jerin sunaye.

Bayan shekara biyu kafaɗata ta lalace, na dawo gida na sayi almakashi. Shi ya ci gaba. Yana da talatin da ɗaya aka kira shi babbar gasar Amurka, saboda masu cafkar wata ƙungiya su biyu sun ji rauni. Kwana tara ya yi. Sau uku ya riƙe sanda, sau ɗaya ya buga ya tsira, garin nan kuwa ya yi kwana biyu ba wanda ya je gona. Ƙwallon yana nan a kabad ɗin Migdalia tsakanin faranten baƙi. Daga nan aka mayar da shi ƙananan garuruwa, ya ƙara shekara huɗu, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ya dawo Yaguasa da ɗingishi, da yatsu goma da babu biyun da ke kallon wuri ɗaya. Ya sayi ƙaramar motar kaya yana kai agade da rogo kasuwa. Shi ya tsaya wa 'yata ta fari ranar baftisma, tun daga nan kompadre muke ce wa juna, sai fa in faɗa ya haɗa mu.

Siyasa kuwa ba shi ya neme ta ba. Shekarar da babbar guguwa ta zo, ruwa ya tafi da gadar da ta haɗa gari da unguwannin ƙetaren rafi. Magajin garinmu a lokacin Don Evaristo Pimentel ne, mai kantin magani. Ba mugu ba ne, in ka je da ciwo zai duba ka, amma Allah ya ba shi baki, shi kuma ya ɗauka bakin ne aikin. Sau uku ana aza harsashin gadar nan, da 'yan badujala da jawabi. Shekara huɗu mutane na tsallaka rafi a ƙafa, takalmi a hannu. In ruwa ya ƙaru, sai ka ga Nicanor ya ajiye motarsa a bakin rafin, ya naɗe wando, yana goya tsofaffi ɗaya bayan ɗaya da gwiwoyin nan nasa da ba su da sauran kirki.

Wata Asabar matan ƙetare suka yi gayya zuwa gidansa. Doña Eduviges ce a gaba, wadda ke soya yanikeke, wato wainar fulawa, a ƙofar filin ƙwallo tun muna yara.

Ta ce, "Mai-tsuguno, mun gaji da hawa bayanka. Ka tsaya takarar magajin gari."

Ya cire hula ya rufe baki ya ce wani abu.

Doña Eduviges ta ce, "Me ya ce?"

Migdalia ta ce, "Ya ce to."

Daga baya ya rantse mini cewa abin da ya ce shi ne, "Ni ban iya magana ba."

Unguwa tara ce a Yaguasa, daidai da zagaye tara na wasan besbol. Wanda ya fara lura da wannan Don Sinforoso ne, tsohon da ya shekara talatin yana rataya lambobi a allon filin ƙwallo. Ya shigo shagona da alli, ya wuce ɗakin baya inda nake ajiye tawul, ya zana gida tara a bango. Duk unguwar da Nicanor ya ziyarta, bayan kwana biyu dattawanta sukan aiko wa tsohon inda suka karkata. In sun ce Nicanor suke yi, sai ya zana wa Don Evaristo sifili, kamar yadda ake rataya wa ƙungiyar da ba ta ci komai ba a zagaye. Shi Nicanor bai san da zanen ba, don tun yana wasa ba ya kallon allo, mu kuma ba mu ga dalilin nuna masa ba.

Neman ƙuri'arsa ma abin dariya ne. Ba ya hawa mota da lasifika. Gida-gida yake bi, ya tsuguna a gaban tsohuwa duk da ciwon gwiwa, ya saurare ta har ta gaji, ya sha kofi, ya tashi. Kofi goma sha biyar a wuni, hannunsa har rawa yake. A unguwannin farko ana yi masa kiɗa, ana ɗora tukunya a titi, ana raka motarsa da ihu. A haka Don Sinforoso ya zana sifili biyar a jere.

Saura mako uku zaɓe aka shirya muhawara a dandalin gaban coci. Don Evaristo ya yi kusan awa guda yana zuba, ya taɓo tarihi, ya taɓo Littafi Mai Tsarki, sannan ya nuna Nicanor ya ce, "Mutumin da ya shekara ashirin da takwas a tsugune yana kallon bayan mutane, shi zai shige muku gaba?" Aka yi dariya, har ni na ɗan yi, don maganar ta zauna. Da aka miƙa wa Nicanor makirufo, ya dubi jama'a, zufa ta karyo masa, hannunsa ya tafi kan hula da kansa. Ya rufe baki, makirufon kuma yana can gefe. Layin gaba kaɗai suka ji abin da ya ce, su suka miƙa baya: "Ya ce shi bai iya magana ba, amma ya san zurfin rafin." Shi ke nan ya sauka. Ya tafi gida kai a ƙasa, yana ganin ya kunyata duk wanda ya tsaya masa.

Washegari unguwa ta shida ta aiko, tun bai kai ga ziyartarta ba. Don Sinforoso ya zana sifili na shida, ya ja da baya, ya dubi bango, ya dube mu. Mu biyar ne a ɗakin, ba wanda ya ce uffan. Ya ɗauki tawul ya rataya a kan zanen, ya fita yana sanɗa. Kafin rana ta faɗi shiru ya gama gari.

Ba wanda ya kira taro. Garin da kowane gida ya ba da ɗan ƙwallo ba ya bukatar a gaya masa. In Nicanor ya iso kantin kusurwa, masu buga domino sai su duƙufa a kan tebur. In ya zauna a benci, na kusa da shi ya tuna yana da aiki. A unguwa ta bakwai mutane suka fito kwansu da kwarkwatarsu, suka tsaya nesa-nesa, suka saurare shi ba tafi ba kiɗa, suka watse suna kallon ƙasa, bayan kwana biyu kuma suka aiko wa Don Sinforoso cewa Nicanor suke yi. Migdalia ta fi kowa tsanani. Abin da ya ci ranar sifili na shida, dakakken agade da soyayyen ƙwai, shi take ba shi safe da rana da yamma. Shuɗiyar rigar da ya sa a ranar ta hana a wanke, kullum ita take ajiye masa a kan gado. A coci ta bar tazarar mutum biyu tsakaninsu. Har Fada, da ya zo gaisawa da mutane a ƙofa, ya tsallake shi.

Mu fa murna muke, cikinmu fal. Ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa bai gane ba, shi da ya sha yi wa masu jifa wannan shirun. Abin da muka manta shi ne, duk rayuwarsa shi ke yi wa wani, ba a taɓa yi masa ba. Ba a yi wa mai cafka shiru. Shi abin da ya gani kawai, ya yi abin kunya a dandali, washegari gari ya juya masa baya, har matarsa ta daina wanke masa riga.

Ya zo aski wata Talata. Ni da ake cewa ko gawa na samu sai na ba ta labari, na yi minti ashirin a kansa ban ce komai ba. Bakina sai ƙaiƙayi yake. Ina ganinsa a madubi ya rame, idonsa ya faɗa.

Ya ce, "Kompadre, har kai?"

Na ce, "Ɗaga haɓa."

Ya ɗaga. Da na gama ya tsaya gaban hoton nan na jarida ya daɗe, sannan ya ce, "Ka san ban taɓa damuwa don ba a ga fuskata ba. Na ɗauka a nan gida dai an san ta." Ya fita. Maganar ta soke ni, amma da yake ni ma jaki ne, na ce gajiya ce ke damunsa.

Ranar Alhamis, saura kwana uku zaɓe, sifili takwas a bango, muna zaune gaban kantin kusurwa da la'asar ana buga domino. Sai ga shi cikin shuɗiyar rigar nan, wadda ta fara sanar da zuwansa tun daga nesa. Ya zauna a dogon benci, nan take mutum uku suka zame suka bar masa. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Sannan ya yi abin da ban taɓa gani ba: ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya yi magana baki a buɗe, kowa na ji.

"Jama'a, na gane. Ba sai kun ci gaba da wahalar da kanku kuna guje mini ba. Na ba ku kunya, kuna jin nauyin faɗa mini. Gobe da safe zan je gidan rediyo a San Pedro in ce na janye. Ku zaɓi mai baki. In ruwa ya ƙaru kuma ina nan, zan goya ku kamar da."

Doña Eduviges ta toshe baki da tsumman hannunta. Don Sinforoso ya zaro ido yana girgiza mana kai, wato duk wanda ya faɗa, shi da Allah. Ga mutum zai zubar da wasa a zagaye na takwas, zuciyarsa a karye, ga mu kusan mutum talatin mun san maganar da za ta tsayar da shi, ba mai iya furta ta. Kada wani ya ce mini camfi ne. Na san camfi ne, amma da kai ne a wurin kai ma ba za ka faɗa ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tako a hankali, har da kwaikwayon tafiyarsa ta agwagwa, na tsaya a gabansa, na cire hulata na rufe baki.

Na ce, "Kompadre, wai sankocho da masara ya fi daɗi ko babu masara?"

Ya ɗago ya harare ni. "Bahago, yau ba ranar shirmenka ba ce."

"Tambaya na yi. Mamarka tana sawa, tawa ba ta sawa. Tun jiya abin ke damuna."

Ya buɗe baki zai zage ni, sai ya tsaya. Ina kallon abin yana shigarsa a hankali. Ya dubi bencin da ba kowa dama da hagu. Ya dubi masu domino, kowannensu ya sami abin kallo a sama. Ya sunkuya ya shinshina rigarsa. Ya hango Migdalia a tsallaken titi ta harɗe hannu, tana kallon bishiyar mangwaro kamar yau aka dasa ta, hawaye na bin kumatunta. Ya lalubo hularsa ya rufe baki.

"Ni?" in ji shi. "Ni ake yi wa?"

Na ce, "Ni dai zancen masara nake."

"Zagaye na nawa?"

Wannan ba a faɗa da baki. Sai na tsuguna a gabansa, ni da ban taɓa tsuguna wa kowa ba, na sa hannu tsakanin gwiwoyina na nuna masa biyar, na nuna masa uku. Ya rufe fuskarsa gaba ɗaya da hular, kafaɗunsa na girgiza, ba ka iya cewa kuka yake ko dariya. Ni kam duka biyun nake yi, ba na jin kunyar faɗa. Can ya share fuska, ya mayar da hula ka, ya gyara zama a tsakiyar bencin shi kaɗai, ya miƙe ƙafa.

Ya ce, "Ni dai da masara."

Kwana ukun da suka rage, ban taɓa ganin wanda ya ji daɗin a ƙaurace masa kamar Nicanor ba. Yana yawo a gari yana tashin tsami, kowa na kauce masa, shi kuma sai murmushi. Ya ci dakakken agadensa sau tara bai yi ƙorafi ba.

Ranar Lahadi aka yi zaɓe, Litinin da hantsi aka liƙa sakamako a ƙofar makaranta. Unguwa takwas tasa ce. Ta tara, inda kantin magani yake, Don Evaristo ya tsira da ita da ƙuri'a goma sha ɗaya. Har ya koma ga Allah, Don Sinforoso ni yake zargi da ƙuri'un nan, wai zancen masarar ma ai ambato ne. Ni kuma na ce masa in yana da dabarar da ta fi wannan, me ya hana shi tashi.

Amma a ranar ba wanda ya tsaya wannan musun. Shirun mako uku ya fashe gaba ɗaya, da tukwane da murafe da hon na babura. Nicanor yana tsaye a bakin titi. Da ya ga jama'a sun nufo shi, sai ya ware hannu ya ɗan duƙa yana neman wanda zai ɗaga, don abin da jikinsa ya sani ke nan. Ni na fara isa. Na rungumi cinyoyinsa na yunƙura, kafaɗata ta tuna mini da kanta, shi ko motsi bai yi ba. Sai da muka zama mu shida, har da Don Evaristo da ya zo taya murna aka tura shi ciki, sannan ƙaton ya tashi sama.

"Ku sauke ni, za ku kashe kanku," yake cewa, amma ya riƙe kaina gam. Can sai ya tsaya kallon taron. Ya sunkuyo ya ce, "Bahago, ashe daga nan ana ganin fuskar kowa."

Gada ta ɗauki shekara uku, don takarda ba ta sauri ko wa ya aika ta, amma an yi ta, ba a kuma kira 'yan badujala ba. Ya yi wa'adi biyu ya ce ya isa, ya koma motarsa da agadensa. Lokacin da yake kan kujera, in taron majalisa ya rikice, tashi yake ya tako wurin wanda ya fi zafi ya rufe baki da hula. Ba mai jin abin da yake faɗa, amma an sha ganin mutum yana tsaka da ɗaga murya ya fashe da dariya. Rigar kuwa Migdalia ta wanke ta sau uku, daga ƙarshe ta haƙura ta mai da ita tsumman goge mota.

Hoto na biyu 'yata ce ta ɗauka ranar Litinin ɗin nan. Nicanor yana sama, hula ta tashi, fuskarsa ta fito sarai, da karyayyen hancinsa, baki a buɗe ba abin da ya rufe shi. A ƙasa akwai wani mai sanƙo ya ba da baya, ya sa kafaɗa yana nishi. Baƙi sukan nuna su ce, "Wannan ai tsohon magajin gari ne." Ba mai tambayar mai sanƙon. Sai dai shi, duk ranar da ya zo aski, yakan ɗora karkataccen yatsansa a kan bayan nan, ya ce wa duk wanda ke cikin shagon, "Kun san wannan? Kompadre na ne, shi ya ɗaga ni."